Tambayar da Ba a Ƙarasa Ba

Da sassafe na hau matakala ɗari da ashirin,
takarduna a hammata,
tekun Valparaíso a bayana yana tari kamar tsoho.
A ƙoƙon tudu akwai rumfar katako
inda keken igiya ke jawo mutane daga bakin ruwa
ya sauke su a ƙofar gidajensu masu fentin ja da kore.
Suna neman mai tuƙi. Ni kuwa albashi nake nema.

Kwana uku ina haddar amsoshi
a gaban madubin ƙanwata.
Na wasa baki kamar mai zuwa kotu.

Don Evaristo bai miƙo hannu ba
sai da ya goge baƙin mai a wandonsa.
Tafinsa kaushi, riƙonsa gajere.
Da haɓa ya nuna mini kujera.
Na ɗosana a bakinta, ya dubi ƙafata,
ashe rawa take ban sani ba.
Na danne ta da diddige.

"Rayen," ya ce, "me ya sa..."
Sai ya tsaya.

Amsa ta taso mini har maƙogwaro,
tana ture haƙora, tana neman ƙofa.
Amma idonsa ya bar kaina.
Wuyansa ya karkata hagu,
yatsa ɗaya a tsaye cikin iska
kamar ya manta da shi a can.

Na haɗiye maganata. Da ɗaci ta wuce.

Cikin shirun nan rumfar ta fara buɗe mini baki:
babban gargare na juyawa ƙarƙashin daɓe,
tsuntsayen teku na rigima kan hanjin kifi,
wata mata can gangare tana kiran ɗanta,
sannan, daga ciki, wani siririn abu,
ƙis...
ƙis...
kowane zagaye sau ɗaya,
kamar tsakuwa guda cikin shinkafa.

Ban san sa'ad da nawa wuyan ya karkata ba.

Ya waiwayo. Girarsa ta ɗaga, fara fat.
Ban ce uffan ba.
Na nuna daɓe, gefen hagu, kusa da ƙafar teburi.

"Tun jiya yake yi," ya ce.
"Mutum shida sun zauna a kujerar nan.
Dukansu sun iya magana."

Takarduna bai buɗe su ba.
A kansu ma ya ɗora kofin shayinsa,
har yau da'irar na nan a kan sunana.
Ya zare hula daga ƙusa, ya kaɗe ƙura,
ya ajiye ta gabana, bai dube ni ba.
Ta yi mini yawa.

Shekarata huɗu ke nan ina hawa da sauka,
ina jin igiya kafin ta yi ƙara,
ina gane mai tsoron tudu daga yadda ya riƙe jakarsa.
Tsohon ya yi ritaya, yana kiwon tattabaru.
Ranar Lahadi nakan kai masa burodi,
mu zauna a baranda, teku na ta tarinsa.

Har yau bai ƙarasa tambayar ba.
Ni ma ban tuna masa ba.