Yatsa Uku a Hagu

Iskar Chubut ba ta sallama.
Ranar da Baba ya ɗaga bonet zai duba ruwan lagireto,
ta ɓullo ta bayan garken tumaki,
ta fizge shi daga hannunsa kamar mai bin bashi,
ta maka shi da gilashin gaba, ƙwaram!

Tun ranar a-kori-kurarmu take murmushin gefe guda.
Hagu ya buɗe yatsa uku,
dama ya cije fenti har ƙarfe ya fito.
Baba ya ɗaure bakin da wayar shinge,
ya ce sai bayan askin tumaki.
An yi aski biyu. Ƙanƙara ta sauka, ta narke, ta sake sauka.

Yau hannun Evaristo Curiqueo rawa yake yi,
sufana ba ta zama a cikinsa.
Sai ya jawo kujera bakin rumfa,
ya rungume ƙoƙon shayinsa na mate,
ya ce, Rayen, ke ce hannu, ni ne ido.

Noti huɗu, biyu a kowane hinji.
Kada ki kwance su duka, in ji shi,
sassauta kawai, yadda ake sassauta wa doki linzami.
Na farko ya bi. Na biyu ya bi.
Na uku tsatsa ta aure shi,
sai da na ba shi baƙin mai ya sha,
na jira tsawon tafasar buta,
sannan ya yi ƙara, ya saki.

Sa guntun katako ƙarƙashin lanƙwasar.
Danna. A'a, ba da fushi ba.
Ƙarfe bai manta inda ya fito ba,
tuna masa kawai za ki yi.
Na kwanta a kai da duk nauyina,
ina jin sa yana nishi ƙarƙashin haƙarƙarina,
kaɗan,
kaɗan,
sai ɓas, kamar gwiwar tsoho ta miƙe.

Da na goge maiƙon hinjin dama
na ga zane siriri, aikin bakin ƙusa,
ya kewaye ƙarfen daidai wa daida,
ga wasu falle biyu na gwangwanin kifi
an yanka su zagaye, an cusa ƙarƙashin noti.
Na ce, Baba, wa ya riga ni zuwa nan?

Ya daɗe yana kallon cikin ƙoƙonsa.
Uwarki, ya ce. Shekarar da muka saye ta.
Wannan iskar dai, wannan hannun dai.
Ni na lanƙwasa, Delfina ta miƙe,
ta sa na rantse ba zan ƙara buɗe shi ina fuskantar yamma ba.
Ya kurɓi shayi.
Shekara talatin na riƙe, ya ce. Ai na yi ƙoƙari.

Na tura hinjin a hankali
har ya zauna cikin zanenta,
ba gaba, ba baya.
Na ɗaure noti ɗaya-ɗaya, ina zagayawa,
na sa fensirin kafinta a tsagar hagu, ya wuce,
na sa a ta dama, ya wuce.
Na ɗaga bonet kamu ɗaya, na saki.

Ƙyas.

Karenmu ma sai da ya ɗago kai.

Akwai sauran tabo a tsakiya,
wani kwari inda ruwan sama zai riƙa kwana.
Na ɗauko guduma, Baba ya ce bar shi,
mota ba amarya ba ce.

Ya tashi da ƙyar, ya shafa tsagar da babban yatsa
tun daga gilashi har fitila.
Ya sunkuya ya tsinci tsohuwar wayar,
ya naɗe ta a hannu, ya jefa bayan kujera.
Can yamma, bishiyoyin shinge sun fara rusunawa.
Juya mata baya, ya ce,
kafin waccan ta iso.