Hannun Ungozoma

Kwana tara ina bisa tsani
a majami'ar dutse, can ƙwanƙolin Troodos,
auduga a hannu, ina goge hayaƙin kyandir
na shekara ɗari biyar.
Tsoho Neofitos na riƙe min fitila,
yana tari, yana ƙorafin gwiwa.

Sa ne ya fara fitowa, sai jaki,
suna hura wa jariri ɗumin numfashi.
Bayansu kogo, baƙi ƙirin
kamar bakin rijiya.
Komin dabbobin da dutse aka sassaƙa shi;
na daɗe ina kallo kafin in gane kabari ne,
zanen goyon kuma likkafani.
Mai zanen ya san ƙarshen labarin,
ya kasa riƙe shi a ciki.

Yusufu na gefe, ya zabga tagumi.
Shi kaɗai bai ɗaga kai ga tauraron ba.
Baƙi uku daga gabas, da hulunan Farisa,
dawakinsu duk sun jigata.

Ran Laraba, a kusurwar ƙasa
inda danshi ya cinye bango,
sai ga hannu. Na mace.
Yatsu uku cikin daro,
tana jin ko ruwan ya yi zafi.

Na san wankan nan.
Na gan shi a Pafos, a daɓen wani gidan Rumawa,
an jera shi da tsakuwa mai launi:
mata na haɗa ruwa
don wani jariri daban, abin bautar masu inabi,
shi ma da haske kewaye da kansa.

Na faɗa wa Neofitos.
Ya dire fitilar, ya yi alamar gicciye a ƙirji, ya yi gum.
Na ɗauka na taka masa rai.

Can ya ce, "Ginshiƙin da kika jingina tsaninki,
daga tsohon haikali kakanninmu suka jawo shi da shanu.
Bai taɓa ƙin ɗaukar rufin nan ba."
Ya sake tari.
"Uwata ungozoma ce. Rabin garin nan ita ta wanke.
Ban taɓa jin ta tambayi jinjiri ɗan wane ne ba
kafin ta tsoma hannu a ruwa."

A waje akuyoyi na gangarowa da ƙararrawa.
Ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki fitilar.
Matso da ita hagu kaɗan, na ce.
Da sauran wuyan hannu a ƙarƙashin baƙin,
da wani abu kamar munduwa.