Zoben Goshin Jirgi

Rabe ya tsaya bakin rumfata a Ƙofar Ƙwaya,
jirgi kwance kan tirela a bayan akori-kura,
tampol ɗin da iska ke turawa naɗe jikin sanda.
Ya zura yatsa a zoben goshin jirgin:
"Kallamu, kilo nawa wannan zai ɗauka?"
Na ce tambayar ba ta cika ba.

Ƙarfen ya kai kaurin babban yatsana.
Rataya masa buhun gero ashirin, ko gezau.
Amma ja daban, fizga daban.
Igiya in ta miƙe a hankali, zobe na samun numfashi.
Taya in ta faɗa rami, nauyi ya ninka kansa
a ƙiftawar da ido bai kama ba.

Na leƙa ciki da tocila.
Noti biyu, kowanne da 'yar wosha kamar kwabo,
sun nutse a katakon da ya sha ruwa ya ƙoshi.
Na danna farce, ya shige kamar dafaffen rogo.
Na ce a sa farantin ƙarfe ta baya,
faɗin tafin hannu, ya raba wa katako wahalar.
Ya ce nawa? Na faɗa.
Ya ce, "Zobe na zo tambaya, ban zo gini ba."

Ran Laraba suka kama hanyar Dutsin-Ma.
Za a kai zobe Zobe,
yaran shago na ta dariyar sunan.
Ni dai ban yi ba.

La'asar sakaliya sai ga shi a kan acaɓa.
Ya dire min abu kan teburin walda:
zoben ne, lafiya lau, ko lanƙwasa babu,
notinsa biyu ɗaure tamau,
da guntun goshin jirgi a bakinsa
kamar karen da ya ƙi sakin ƙashi.
Jirgin na can bayan Kurfi, ya zame cikin gonar dawa,
Allah ya tsare, bai danne kowa ba.

Na tura masa benci, na miƙa masa ruwa.
Na jawo falle, na ja layi da alli,
tafin hannu da yatsa biyu ƙari.
Yana kallon tartsatsi ya sake cewa,
murya ƙasa-ƙasa wannan karon,
"To yanzu kilo nawa?"
Na ɗage gilashi daga fuska.
Na ce, "Kawo jirgin tukuna, Rabe,
ban ga sabon katakon ba."