Dala Arba'in

Hutun kwana biyar suka ba ni a asibiti,
bayan wata uku ina kwana tsaye a ɗakin haihuwa.
Na ce wannan hutun ba zai mutu kan katifa ba.
Jaka ɗaya, takalmi biyu, na bi ta Illela.
A Kwanni nairata ta rame a hannun ɗan canji,
damin da na kawo ya koma 'yan takardu shida.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Ya ce,
"Sefa ba ta da yawa, nauyi gare ta."

Yamai ta tarbe ni da magariba,
jemagu suna barin itatuwa garke-garke,
wani yaro ya wuce da burodi dogo kamar sanda
ya maƙale shi a hammata.
Hamani mai taksi ya ce mini fofo,
na ce masa yauwa, ban san me na amsa ba.

Da safe na hau tsohuwar gada da ƙafa.
Kwara a ƙasa, faɗi ba gaggawa,
masu wanki sun shanya riguna a bakin gaɓa
har ƙasar ta zama zane mai launi goma.
Raƙumi ya wuce ni da tabarmi a doronsa,
bai kula da ni ba, bai kula da odar motoci ba.
Na so in ari halinsa in kai wa shugabar ɗakinmu.

Saini ya tuƙa ni cikin kwalekwale,
ya yi alkawarin dorina.
Awa biyu muna leƙen ruwa,
abin da muka gani kunne biyu ne, can nesa,
ko kuwa kututture ne, Allah masani.
Na biya kuɗin dorina cikakkiya.

Amma abin da ya biyo ni gida
a bakin kasuwar Wadata na tsince shi.
Wata tsohuwa da ƙwaryar dambu da zogale,
na ce nawa, ta ce dala arba'in.
Gabana ya faɗi, na zaci ta Amurka,
na fara mayar mata da kwanonta.
Ta kama hannuna, ta buɗe tafina,
ta tsinci ƙwandala guda cikin tarkacen,
ta rufe mini yatsu kan sauran.
"Ɗiyata, ke baƙuwa ta?
Zamna nan, ki ci lahiya."

Zamna. Lahiya.
Shekara goma sha tara rabona da wannan baki.
Haka Iya Tasalla take magana,
kakata da aka kawo Zariya daga Tawa,
wadda muke ɓuya bayan rumbu muna kwaikwayo,
ta ce hwara, mu ce hwara, mu bushe da dariya,
ita kuwa ta ci gaba da kaɗa zarenta.
Ban taɓa tambayarta sunan unguwarsu ba.

Na zauna kan benci, na ci da hannu,
yajin ya ba ni uzurin share ido.
Tsohuwar ta ƙara mini ludayi guda,
ta juya tana ciniki da Zabarmanci.

Saura kwana ɗaya, na sayi kilishi
wa abokan aiki, da zoben azurfa da ya yi mini yawa.
Hotuna tamanin a waya:
gada, gada, ruwa, yatsana, gada.
Babu na tsohuwar. Kunya ta hana ni.

Ranar Litinin na koma aikin dare.
Wajen ƙarfe uku wata mai naƙuda ta riƙe rigata,
sai na ji bakina yana cewa,
"Zamna, ɗiyata, za ki sauka lahiya."