Kulu Mai Takardu

Ban taɓa riƙe allura ba.
Shekara goma sha ɗaya ina ma'aikatar lafiya a Birnin Kebbi,
jinin da na sani shi ne jar tawadar hatimi
da ke maƙale a babban yatsana har wajen alwala.

Ofishina na ƙarshen baranda, bayan na masu albashi.
Fanka mai fiffike biyu, kabad uku, ɗaya kaɗai ke kulluwa.
Nan likitoci ke zuwa ba farar riga,
ambulan a hammata,
su zauna a bencin da masinja ke gyangyaɗi.
Kulu mai takardu, haka suke kirana,
har wanda ya fi ni digiri uku.

Tambaya ɗaya ce aikina, ina ta juya ta kamar masa a tanda:
wannan hannun, wa ya koya masa?
In ɗaga shaidar karatu wajen taga
in ga ko tambarin a jikin takardar yake, ko ɗora shi aka yi.
In rubuta wa makaranta. In jira.
In buga wa masu lasisi waya, ta yi ta kuka
har shayina ya huce.

Wata Talata wani ya zo, turarensa ya riga shi sallama.
Kamba za a tura shi, ɗakin tiyata.
Na bi lambar lasisinsa layi-layi,
ta kai ni ga sunan mutumin da aka binne shekara huɗu baya.
Na ce, Likita, sai dai ka dawo.
Kafin la'asar waya ta sauko daga sama:
"Hajiya, yaronmu na, a dai duba mai."
Na ce, ranka ya daɗe, na duba.
Dubawar ce ta kawo haka.
Fayil ya shiga kabad mai kulluwa,
makulli ya kwana a bakin zanena.

Wannan bai hana ni barci ba.
Shafa'atu ce ke hana ni.

Ungozoma daga Kaoje, babur biyu da mota kafin ta iso,
goyo a baya, an dakatar da ita sai an tantance.
Shaidarta ta ce Garba, lasisinta ya ce Garuba.
Wasali ɗaya.
Na san ita ce.
Na ga yadda ta wanke hannu da butar baranda,
tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, har gwiwar hannu,
ba a sayen wannan a shagon buga takardu.
Amma ƙa'ida ba ta ganin wankin hannu.
Na ce ta kawo takardar rantsuwa daga kotu.
Ta ce, "Mata bakwai na baro da tsohon ciki,
wa ka amsam musu haihuwa?"
Na gyara zaman gilashina.

Mako shida fayil ɗinta na kwance gefen dama.
Ban san nawa suka sauka lafiya a tabarma ba,
ban san nawa naƙuda ta kama a kan hanyar Bagudo ba.
Ba a kawo mini wannan lissafin.
Ba a buga masa fom ba.

Yau rantsuwar ta iso, a naɗe cikin leda saboda ruwa.
Na buɗe gidan tawada, ya bushe ƙamas.
Na ɗiga masa ruwan buta, na hura hatimin,
na danna da nauyin kafaɗata duka.
Tim.
Ba ta ce na gode ba. Agogo ta duba, don motar ƙarshe.

Da dare jikata Luba ta ɗau zazzaɓi.
A asibiti wata yarinya mai farin hijabi ta nemi jijiya,
na karanta sunan da ke ƙirjinta.
Kabad na tsakiya, layi na biyu, koren fayil,
hoton ya ɗan karkace, na tuna.
Na saki hannun Luba,
na miƙa mata.