Yatsu Uku

Ran Laraba muke zama
a tsakar gidan Jorina, gindin kwakwar da iska ta karkatar,
mu goma sha tara, kowa da ɗan littafinta
a naɗe cikin leda, don damina ba ta da ta ido.

Taka dubu biyar na ci.
Akuya mai ciki, agwagi shida.
Maigidan ya ce a ba shi rabi
ya gyara keken da yake ja a Kurigram.
Na ba shi. Ni ce dai na dangwala yatsa.

Mai karɓar kuɗi kan makara,
laka na riƙe masa taya tun daga gada,
a jiran nan ne baki ke buɗewa.
Shefali ta ce famfon da aka shafa wa jan fenti
ba ado ba ne, guba ke kwance a ƙasansa.
Shekara bakwai ina dafa shinkafa da shi
ina ɗora wa lauje laifin kantar hannuna.

Wata mai tabarau ta zo sau ɗaya tak.
Ta kama yatsuna uku ta tsoma a gishiri,
ta dunƙule min hannu a kan mazarƙwaila,
ta ce rabin lita, a tafasa, a bari ya huce.
Muka kwashe da dariya. Wai shi ke nan maganin?

Da Jamuna ta cika ta batse
agwagi biyar ta tafi da su a dare guda.
Kwana uku, cikin Tuhin ya tsinke.
Ido ya faɗa, fatar ciki in na ja ba ta komawa.
Ba kwalekwale, ba likita.
Kakarsa ta ce a hana shi ruwa,
kar a ƙara wa gudawa gudu.
Ban tanka ba.
Cokali, cokali, cokali, har asalatu,
sai na ji ɗumin fitsarinsa a cinyata,
na fashe da kuka.

Laraba ta zo, ba ta gai da kowa ba.
'Yan kunnena suka cika kuɗin mako,
aka buga hatimi a layi na ashirin da shida.
Kogi ya janye, ruwan bashi yana nan inda yake.

Jiya da dare amaryar makwabta ta ƙwanƙwasa,
jariri a kafaɗa, kansa na lilo.
Ba ta cikinmu, ba ta da littafi.
Na jawo gwangwanin gishiri da ƙafa,
na ce, miƙo hannunki.