Goma Sha Ɗaya

Wasiƙar ta zo ran Talata,
tsakanin takardar kuɗin wuta da tallan takalman sanyi.
Ambulan fari.
Da ni ne kamfanin, da ja zan sa.

Muna baƙin cikin sanar da ku, in ji su,
bindigar farauta daga lamba kaza zuwa lamba kaza
tana iya tashi da an zare sakatarta,
ko yatsa bai kusanci kunama ba.
A cire harsashi. A ajiye. A maido.
Gyara kyauta, kuɗin aikawa a kanmu.

Na karanta a tsaye.
Na sake karantawa a zaune.

Ni ne Orrin Tvedt, shekara talatin da ɗaya
ina bayan kantar nan a Dakota ta Arewa,
garin coci uku da gidan mai ɗaya.
Na jawo babban littafin nan mai warin man bindiga,
na bi layi da ɗan yatsa.
Goma sha ɗaya.
Da hannuna na miƙa su,
kowacce na ce wa mai ita: wannan ba ta da mugun hali.

Juma'a da tsakar rana za a buɗe farautar barewa.

Kamfani ya sa sanarwa a jarida, shafi na tara,
ƙarƙashin gwanjon shanu.
Wa ke kaiwa shafi na tara a wannan mako?
Sai na ɗauki waya.

Dwight Haugland ya yi dariya:
"Shekara shida tana wurina, ko tari ba ta taɓa yi ba."
Na ce, Dwight, maciji mai barci ma maciji ne.
Ya kawo ta da yamma, yana gunaguni,
ya sha mini kofi biyu.
Tagwayen Brekke suka aiko matar ɗayansu da guda biyu a bargo.
Laraba da dare, tara sun jeru a bango,
kowacce da takarda ɗaure a wuya kamar majinyata.

Ta goma wayarta ba ta shiga.
Vernon Skaar. Na je jana'izarsa bara,
har na ɗauki akwatin,
ban tuna na tambayi ina bindigarsa ba.

Alhamis na tada a-kori-kura,
mil arba'in, ƙanƙara tana zuba a kaikaice.
Marlys ta buɗe ƙofa da garin alkama a hannu.
"Ai jikarmu ya bar wa. Tessa.
Gobe ne fitarta ta farko."

Yarinyar tana rumfar mota,
sha huɗu, da jar hular kakanta har kunne,
tana goge bindigar da tsohuwar safa.
Ƙanenta na zaune a ƙasa, daidai saitin bakinta,
yana cin tuffa.

Ban yi ihu ba.
Na ce, ɗaga bakin sama, 'yata. Yawwa. Miƙo.
Babu harsashi a ciki, na duba sau biyu,
amma gwiwata ba ta yarda ba.

Ta yi kuka, ba don tsoro ba, don gobe.
Na ara mata tawa, ta ubana,
mai tabo a gindi.

Saura ɗaya.
Wani baƙo ne, ma'aikacin rijiyar mai,
lafiya lau ya cika takardu, ya biya, ya tafi.
Wasiƙata ta dawo da tambari: ba ya nan.
Wataƙila ya sayar a wata kasuwa,
wataƙila tana bayan wata ƙofa a Teksas
kusa da takalman yara.

An ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa.
To. Ni dai ban goge lambar ba.
Tana manne jikin akwatin kuɗi,
duk wanda ya shigo sayen harsashi
sai na tambaye shi.